Murfin Kwanon Taubashina

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: a labarin nan ni ne wawan. Kuma wawa ne mai babbar riga da hula, da rediyo manne a kunne, wanda in ya yi gyaran murya a majalisa ake yin shiru don a ji halin da ƙasa take ciki. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya. Amma na yi shekara talatin ina masinja a wani ofishin gwamnati, kuma duk jaridar da za ta shiga wurin oga sai ta bi ta hannuna. Manyan baƙaƙen nan na sama nake karantawa a kan matakala, ƙananan kuwa na bar wa masu tabarau. Da wannan ilimi na yi ritaya, na zauna a unguwarmu Kusfa na zama masanin siyasar lungunmu, ba tare da kowa ya naɗa ni ba.

A lungunmu muna ciyayya. Da an sallame magariba kowane magidanci zai shiga gida ya ɗauko kwanon tuwonsa da na miya, mu taru a zauren wani dattijon malami da muke ce wa Malam kawai. Mu shida ne. Kowa ya shigo sai ya ajiye kwanukansa a rufe a kusurwa, ya nemi wuri a tabarma. In mun cika, Malam ya juya mana baya, ya buɗe su shi kaɗai, ya ɗan yi ƙwaram-ƙwaram ɗinsa, sannan ya riƙa turo su tsakiya ɗaya bayan ɗaya. Ba mai taɓa murfin kwano sai shi. Tun ina da baƙin gemu nake ganin haka, ban taɓa tambayar dalili ba. A zatona, Allah Ya yafe mini, nama yake tsincewa.

Cikin mu shidan akwai taubashina, ɗan ƙanwar babana. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara nake ce masa bawana, shi kuma tun da na samu aiki yake ce mini ranka ya daɗe masinja. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu, ta wajen madafa ma ba ta kai kafaɗar mutum ba. Sana'arsa ɗinkin hannu, aikin wuyan babbar riga. A zamaninsa in ya yi wa riga zanen aska, sai ka tsaya kallo ka manta kai ne za ka saka. Yawancin masu sayen rigunansa manoman ƙauyukan yamma ne, waɗanda in sun sayar da amfanin gona suke shigowa birni a yi musu rigar Salla ko ta biki. Da 'yan bindiga suka addabi ƙauyukan, manoman suka daina zuwa. Wasu sun yi gudun hijira, wasu an kashe, wasu gonar ma sun sayar don karɓo 'yan uwansu. A daidai lokacin kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Duk wannan na sani. Na sani irin sanin da nake yi wa jarida, saman kawai.

Kwanonsa kore ne, murfin ya ɗan ɓantare a gefe. Ina gane shi ko daga nesa, don miyar da ke biyo shi ta fi ta kowa. Sau da yawa in na koma gida sai in tsokani mai ɗakina, in ce, "Ke kam ki tsallaka katanga ki koyo miyar kuka. Matar bawana ta fi ki hannu, wallahi." Sai ta ce, "To, Malam, Allah Ya ba ta lada." Ba ta taɓa yin fushi ba, ni kuma na ɗauka haƙuri ne irin nata.

Sai zaɓe ya ƙarato.

Ni ina tare da ɗan takarar jam'iyya mai mulki, kuma har gobe ina cewa ya fi abokin karawarsa, wanda bakinsa ya fi aikinsa tsawo. Ina da hujjoji. Na farko, yaƙi ba a gama shi a kwana ɗaya, kuma ba a canza direba mota tana tsakiyar gada. Wannan ban san inda na tsinto shi ba, amma na faɗe shi ya fi sau ɗari. Na biyu, nasu ɗin in yana jawabi sai ya riƙa nuna mutane da yatsa, ni kuwa ban yarda da mai nuna dattawa da yatsa ba. Hujja ta uku ita ce babba, ita ce kuma ban cika faɗa ba sai an matsa mini. Shekarun baya, tun namu yana ƙaramin jami'i, ya taɓa zuwa ofishinmu. Na kawo shayi na ajiye, ya ɗago kai ya ce, "Baba, sannu da aiki." Manyan mutane nawa na kai wa shayi, ko kallona ba su yi ba. Na ce a raina, mutumin da ya iya gaida masinja zai iya riƙe ƙasa.

Taubashina yana ɗaya ɓangaren. Shi bai damu da ɗan takararsu ba ma, cewa yake ko kututture aka tsayar zai zaɓa, in dai ba waɗannan ba.

"Ku yi haƙuri," in ce masa, muna cin tuwo. "Gyara ake yi. Ku talakawa ba ku san yadda ake tafiyar da gwamnati ba."

"Ranka ya daɗe masinja, mu talakawa? Kai fa, attajirin ina ne?"

"Ni na zauna a ofis."

"A bakin ƙofar ofis dai. A kan benci."

A yi dariya, Malam ya ce a ci abinci da ladabi, a wuce wurin. Da a nan muka tsaya, da ban da labarin da zan rubuta.

Ana saura 'yan makonni zaɓe, mutanen jam'iyya suka zo har gida suka ce an naɗa ni shugaban dattawan akwatin zaɓenmu. Ban san akwati yana da dattawa ba sai ranar. Suka ajiye mini ƙaramin buhun shinkafa da taliya da hula mai hoton ɗan takara. Hular ta yi mini kaɗan, amma na tura kaina ciki.

Washegari ƙanen mai ɗakina ya zo daga Ƙofar Gayan. Ɗan adawa ne na ƙin ƙarawa. Aka dafa shinkafar nan aka zubo masa, ya ci faranti guda ya nemi ƙari, yana ci yana zagin wanda ya ba da ita. Ya ce ai dukiyarmu ce suka sata suka dawo mana da cokali guda. Na daure don surukuta. Yana fita na tsaya a tsakar gida, na ɗaga murya yadda zan ji daɗin kaina, na ce, "Ke, ki ji da kyau! Daga yau duk ƙwayar abincin gidan nan da ta shiga cikin ɗan adawa, ko wane ne shi, ban yafe ba! Wanda yake jin yunwa ya je ɗan takararsa ya ciyar da shi!"

Tana tsugune a madafa. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi katanga, ta ce a hankali, "Malam, rage murya."

Na ce, "Ba zan rage ba! Gidana ne!"

Daga ranar taubashina ya daina zuwa ciyayya. Yana zuwa masallaci, ya yi salla a ƙarshen sahu, a sallame ya sulale. In an tambaye shi ya ce ciki ne ke damunsa, likita ya hana shi tuwon dare. Ni kuwa na samu abin yi. Kullum in muka zauna sai in dubi gurbinsa a tabarma in ce, "Kun gani ko? Hujja ta ƙare wa 'yan adawa. Bawana ya gudu." Wasu su yi murmushi, wasu su sunkuyar da kai. Malam bai taɓa tanka mini ba.

Da abin ya kai kusan mako biyu, Malam da kansa ya dogara sandarsa ya shiga gidan taubashina. Ban san abin da suka tattauna ba. Amma a ranar da magariba sai ga shi ya shigo zaure da koren kwanonsa, ya riƙe shi da hannu biyu kamar mai gudun kada miya ta zube. Ya ajiye a kusurwa tare da na kowa, ya zauna. Ya rame, amma ni ban ga rama ba, abokin gardama na gani ya dawo.

Ban bari ya gama gaisawa da mutane ba. Na ce, "Maraba da ɗan gudun hijira. Ka ji jawabin da namu ya yi jiya? Ya ce cikin 'yan watanni za a share dajin nan tas."

Ya ce, "Na ji. Wancan karon ma haka suka ce."

"To ai wannan mutum ne mai cika alkawari. Ni na san shi ido da ido. Ya taɓa gaishe ni."

Ya juyo da idanunsa masu fari-fari, ya ce, "Ɗan namiji, wanda ya gaishe ka ɗin nan, kafin shayin ya huce ya manta da kai. Kai ne ka riƙe gaisuwar shekara ashirin kana lasa."

Zauren ya kece da dariya. Har wani mai sayar da itace a cikinmu da ba ya dariya sai da ya riƙe ciki. Da wasan taubasai ne na yau da gobe, da na rama da baki an tashi lafiya. Amma ya taɓa inda yake mini ciwo, a gaban mutanen da nake yi wa fashin baƙin labarai, ga kuma hular shugaban dattawa a kaina.

Malam ya riga ya fara juyawa wajen kwanuka. Na yi zumbur na miƙe, da tsufana da ciwon gwiwata, na tsallake ƙafafun mutane na sunkuci koren kwanon. Na ce, "To mu ga abin da ɗan takararku ya dafa muku yau, tun da namu ba ya komai!"

Malam ya ce, "Kul!"

Ya makara. Na riga na ɗage murfin, na karkato kwanon wajen fitila yadda kowa zai gani.

Ba komai a ciki. An wanke shi ƙal, ya bushe. Abin da ke ciki kawai wani tsumma ne da aka naɗe aka cusa, don kada murfin ya yi ƙarar kwanon da ba komai a cikinsa in ana tafe da shi.

Ina tsaye, kwano a hannun dama, murfi a hagu, na rasa wanda zan fara ajiyewa. Bakina yana buɗe da sauran dariyar da na shirya, ta ƙi fita ta ƙi komawa.

Taubashina ne ya fara magana. Murya ƙasa-ƙasa, har da ɗan murmushi, ya ce, "Rufe mini, ranka ya daɗe, kada ƙuda ya faɗa."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya gyara tsumman, ya mayar da murfin, ya miƙe ya lalubi takalmansa a bakin ƙofa. Ya yi mana sallama kamar kullum ya fita.

Can Malam ya ce, "Zauna." Na zauna. Ya ce, "Shekara nawa kana ci a zauren nan?" Na ce sun fi talatin. Ya ce, "Duk shekarun nan, in na juya muku baya, me kake zaton ina yi?"

Ban faɗi maganar nama ba. Ko wawa yana da iyaka.

Ya ce, "Babu mutum ɗaya a cikinku da bai taɓa kawo mini kwano a rufe ba komai a ciki ba. Har kai. Shekarar da aka riƙe muku albashi, ka tuna? Ka kawo ka ajiye, ka zauna kana addu'a a zuci, sai ka ga kwanonka ya dawo tsakiya da tuwo. Ka ɗauka aljanu ne?"

Na tuna. Wallahi na tuna. A lokacin na ɗauka ni kaɗai Malam ya taɓa yi wa haka, don girmana na ma'aikacin gwamnati, sai na binne abin a raina har ni ma na manta.

Ya ce, "Ni na je na roƙe shi ya zo da kwanon haka nan. Na ce masa ba mai gani sai ni. Ka mayar da ni maƙaryaci." Sannan ya tura mini kwanukana ko buɗe su bai yi ba. Ya ce, "Ɗauki. Kada ka sake kawo su zauren nan sai tare da mai koren kwano."

Na shiga gida na tarar labari ya riga ni. Mai ɗakina tana zaune a bakin ɗaki. Na ajiye kwanukan, na fara kame-kame, na ce ai su ma da laifinsu, mutum yana cikin wani hali ba zai faɗa wa ɗan uwansa ba?

Ta ce, "Malam, miyar nan da kake cewa in je in koyo, ka san wa ke yin ta?"



Ta ce, "Tun bayan Babbar Salla matarsa take ɗora kwanon a kan katanga, in zuba in mayar. Tukunya ɗaya ce. Nasu nake fara zubawa, shi ya sa ya fi naka man shanu. Ranar da ka tsaya a nan kana ihu, tana tsaye a bayan katangar, kwanon yana hannunta. Na ji sanda ta juya."

Na ce, "To ke da kika san haka, ai da kin ci gaba da ba su a ɓoye. Ni ƙanenki nake nufi."

Ta ce, "Ka ce ko wane ne. Duk da haka na sayi gari da kuɗin ƙuli-ƙulina, ba da naka ba, na tuƙa na ɗora musu. Kwana uku ina ɗorawa, kaji ne suke ci. Ta ce in gaya maka sun gode."

Ranar zaɓe muka haɗu a layi ɗaya a filin makarantar firamare. Yana gabana da mutum huɗu. Ina kallon ƙeyarsa da wuyan rigarsa, aikin hannunsa ne na da, zaren ya fara tashi. Sau biyu ina ɗaga ƙafa in je, sau biyu ina mayarwa. Ya dangwala nasa, na dangwala nawa, kowa ya bi ta lungu daban.

Namu ya ci. Matasa suka cika titi da babura suna oda, wasu suka tsaya a ƙofar gidana suna kiran shugaban dattawa ya fito. Na fito na ɗaga musu hannu, don kada a ce. Na koma ciki na ci tuwona ni kaɗai a tsakar gida, kamar yadda nake ci tun ranar da Malam ya kore ni. Mutumin da ya saba cin abinci cikin mutane, in ya zauna shi kaɗai har ƙarar taunarsa yake ji.

Sai da na ƙara kusan wata ina shirya jawabi. Na tsara shi tsaf, da gabatarwa da komai, irin na rediyo. Zan fara da zumunci, in gangaro kan sharrin Shaiɗan, in ɗora wa 'yan siyasa nasu kason, in rufe da neman gafara. Ran nan da hantsi na saka hulata ta da, na zaga.

Na same shi a dakalin ƙofar gidansa, ya juya wa rana fuska, allura a hannu ɗaya zare a ɗaya, yana ta neman kafar. Na yi sallama ya amsa. Na zauna a ƙasa, ban hau dakalin ba. Ya ce, "A'a, yau ubangida ne a ƙasa? Tashi, kada mutane su ce na yi maka asiri."

Na ce a nan zan zauna. Na soma jawabi. Ban kai ga Shaiɗan ba ya katse ni.

Ya ce, "Na yafe, ɗan namiji. Tun a bakin ƙofar zauren na yafe. Uwata da ubanka ciki ɗaya suka fito, ina zan kai ka?"

Na ji sanyi. Na ce, "To alhamdu lillahi. Yau da magariba sai in biyo maka mu tafi tare. Malam ya ce..."

Ya ce, "Zaure kam ba zan koma ba."

Na ce don me, tun da ya yafe?

Ya ce, "Da, in na kai loma baki, ni da Malam da Allah muka san ta wane ne. Yanzu mutum biyar za su riƙa kawar da kai don kada su ga ina ci. Ba zan iya haɗiya ba."

Na roƙe shi. Na ce zan riƙa zubawa a kwanonsa tun daga gida, ba mai sani. Ya yi dariya ya ce duk Kusfa ta sani, har masu tallan goro. Na ce zan tashi a gaban kowa in ce wasa muka shirya ni da shi. Ya ce in bar ƙarya, na tsufa. Da na ga duk ƙofofin sun rufe, sai na koma ga abin da ya rage mini, wanda na ɗauka shi ne hujjata mafi ƙarfi. Na dafa ƙirji na ce, "Wallahi tallahi, ɗan uwana, ban sani ba. Da na san halin da kake ciki, ko da wuƙa a wuyana ba zan taɓa murfin nan ba. Ban sani ba."

Ya ajiye allurar a cinyarsa, ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

Ya ce, "Kai da ka san abin da shugaban ƙasa ya karya da shi da safe? Ni da ba na gani sosai, daga nan ina gane ranar da aka yi suya a gidanka. Kai da idonka biyu garau, wata nawa hayaƙi bai tashi a gidana ba?"